Barazana Kafin Naɗin Jakadu: Yadda Najeriya da Nijar Suka Kusa Gwabzawa a 2023

Ranar Lahadi 30 ga Yulin 2023 shugabannin ƙasashen ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, suka taru a Abuja suka ba sojojin da suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum wa'adin mako guda: ko su mayar da shi kan kujerarsa, ko a ɗauki duk matakin da ya dace, har da ƙarfin soja. Wanda ya jagoranci taron, shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu, wata biyu ke nan da rantsar da shi, mako uku kuma da ɗora masa shugabancin ƙungiyar a Bissau. A ranar da aka furta wannan barazana Najeriya ba ta da ministan harkokin waje, ba ta da ministan tsaro, kai ba ta da minista ko ɗaya. Wata guda bayan haka, tun ƙurar ba ta lafa ba, gwamnati ta kira jakadunta na duniya gida, aka bar kujerunsu wayam fiye da shekara biyu. Wannan jerin kwanaki yana nuna abu guda: a rikicin 2023 an cika muƙaman diflomasiyya, an kuma zubar da su, bisa lissafin siyasar cikin gida, ba bisa buƙatar rikicin ba, kuma hakan ne ya mayar da juyin mulkin wata ƙasa ya zama gaba tsakanin 'yan'uwa biyu.

Ba za a gane girman kasadar ba sai an tuna abin da ke tsakanin ƙasashen. Iyakarsu ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka raba ƙasar da tun farko guda ce. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 Maraɗi suka kafa, Gobirawa suka zauna a Tibiri, har yau kuma sarautun suna ɗauke da sunayen Katsina da Gobir. Lokacin yaƙin Biyafara, shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya wa gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata wajen 'yan aware, a 1971 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai mazauni a Yamai. An kuma ɗanɗana ɗacin saɓani: rufe iyaka da gwamnatin soja ta Buhari ta yi daga 1984 ya zo daidai da fari, har mutanen gabashin Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan zamani sunansa. Duk wanda ya san wannan tarihi ya san ba a rufe ƙofar Jibiya ko Illela ko Maigatari a ce gefe ɗaya kawai za a ƙuntata wa.

To, a watan Yulin 2023 hankalin Abuja na wani wuri. Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'u kusan miliyan 8.8, ƙasa da kashi 37 cikin 100, Atiku Abubakar da Peter Obi suna kotu suna ƙalubalantar sakamakon, hukuncin farko kuma bai fito ba sai 6 ga Satumba. Tun ranar rantsuwa ya janye tallafin man fetur, farashi ya ninka, ƙungiyoyin ƙwadago suna barazanar yajin aiki. Ga kuma rabon muƙamai, wanda a Najeriya ba ƙaramin aiki ba ne, domin tsarin mulki ya wajabta a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma kowace jiha na da gwamna da tsohon gwamna da jigon jam'iyya da ke jiran sakayyar wahalar kamfe. Sabon gyaran tsarin mulki ya ba shugaba kwana 60 ya miƙa sunaye, aka kuwa ja har bakin wa'adin. Sunaye 28 na farko sun isa Majalisar Dattawa ranar 27 ga Yuli, kwana ɗaya bayan an tsare Bazoum, ba tare da an faɗi ma'aikatar da kowa zai riƙe ba. Yusuf Maitama Tuggar, wanda ya yi jakadanci a Jamus, bai sha rantsuwar zama ministan harkokin waje ba sai 21 ga Agusta, bayan an ba da wa'adi, wa'adin ya cika, an kuma ba da umarnin haɗa rundunar ko-ta-kwana.

Dalilan da suka sa aka ɗaga murya ba na banza ba ne. Tun 2020 sojoji sun ƙwace mulki a Mali sau biyu, a Gini sau ɗaya, a Burkina Faso sau biyu, kuma shugabannin farar hula da suka rage sun ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Tinubu kansa ya yi gudun hijira zamanin Abacha, ya kuma faɗa a Bissau cewa ba za a lamunci juyin mulki ba. Akwai misalan da suka ƙarfafa masa gwiwa: dakarun ECOMOG sun mayar da Ahmad Tejan Kabbah mulki a Saliyo a 1998, a 2017 kuma barazanar soja ta sa Yahya Jammeh ya bar Gambiya. Sai dai Gambiya 'yar ƙasa ce da Senegal ta kusa kewaye ta, Nijar kuwa ta fi Najeriya faɗin ƙasa, sojojinta kuma sun shekara da shekaru suna yaƙi kafaɗa da kafaɗa da na Najeriya a yankin Tafkin Chadi. Aikin ministan harkokin waje ne ya zauna a gaban shugaba ya yi masa irin wannan bambancewa, ya tambaye shi abin da za a yi ranar da mako ya cika ba a ga komai ba. Babban sakatare a ma'aikata zai iya rubuta takarda, amma ba shi da nauyin siyasar da zai ce wa sabon shugaba a dakata. Hafsoshin tsaro kuma sababbi ne, ranar 19 ga Yuni aka naɗa su.

A can Yamai ma maganar muƙami ce ke gaba. Janar Abdourahamane Tchiani ya riƙe rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa tun 2011, zamanin Mahamadou Issoufou. Shi da abokansa sun ce taɓarɓarewar tsaro ce ta sa suka karɓi mulki, yayin da rahotanni da dama suka danganta abin da shirin sauke shi daga kujerarsa. Ko wanne ne gaskiya, sabuwar majalisar sojan ta zo ba ta da farin jinin kanta, barazanar ECOWAS ce ta ba ta. Da Najeriya ta katse wutar lantarkin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi, aka rufe iyakoki, aka hana shigar kaya, sai talakan Yamai da Damagaram ya daina tambayar ko an yi wa Bazoum adalci, ya koma tambayar dalilin da zai sa ɗan'uwa ya bar shi cikin duhu. Ranar 3 ga Agusta sojojin suka sallami jakadun Nijar a Najeriya da Faransa da Amurka da Togo, ranar 6 ga wata dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché, kashegari aka naɗa Ali Mahaman Lamine Zeine, masanin tattalin arziki kuma tsohon ministan kuɗi na zamanin Tandja, a matsayin firaminista. Majalisar ministoci mai mutum 21 kuwa an sanar da ita ne daidai lokacin da shugabannin ECOWAS ke sake taruwa a Abuja ranar 10 ga Agusta. Kowane naɗi saƙo ne ga 'yan ƙasa cewa mulki ya zauna.

Tawagar da Tinubu ya tura bayan ba da wa'adin ta nuna an san mutanen da suka dace, amma an aike su a makare. Janar Abdulsalami Abubakar ne ya jagorance ta, mutumin da ya miƙa mulki ga farar hula a 1999, wanda kuma ECOWAS ta taɓa naɗawa mai shiga tsakani a rikicin tazarcen Tandja a 2009. Tare da shi akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda shi ma tsohon birgediya janar ne, da shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray. Jirginsu ya sauka Yamai ranar Alhamis 3 ga Agusta. Ba a kai su fada ba, ba a kai su wurin Bazoum ba. A filin jirgin suka zauna, wasu hafsoshi suka zo suka saurare su, cikin dare suka juyo gida. A ƙasar Hausa, a tsayar da Sarkin Musulmi a bakin ƙofa ba ƙaramin abu ba ne, kuma waɗanda suka yi hakan sun sani. Amma manzon da ya zo bayan an riga an katse wuta, saura kwana uku wa'adi ya cika, ba shi da abin da zai miƙa sai maimaita barazanar da aka riga aka ji a rediyo. Da an tura su kafin taron 30 ga Yuli, da sun zo a matsayin iyaye masu neman jin ba'asi.

Abin da ya taka wa yaƙin birki daga cikin gida ya fito. Sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, ya kuma hana tura soja fagen daga a wajen ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa. Da aka karanta wasiƙar Tinubu a zauren ranar 4 ga Agusta, sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su yarda da amfani da ƙarfi ba, suka lissafa jihohin da wutar za ta fara ci. Kashegari majalisar ta shawarci shugaban da ya bi hanyar siyasa da sulhu. Malamai suka yi ta huɗuba a kan haramcin zubar da jinin maƙwabci, aka yi zanga-zanga a Kano, 'yan kasuwa suka koka da manyan motocin albasa da wake da dabbobi da suka yi cirko-cirko a bakin iyaka. Fiye da rabin ƙuri'un da suka kai Tinubu mulki daga Arewa suka fito, kuma shugaban da shari'ar zaɓensa ke gaban alƙalai ba zai iya ɓata da yankin da ya ɗora shi ba.

Daga nan sai aikin jakadanci ya koma hannun waɗanda ba su da takardar naɗi. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano amma yana Khalifan Tijjaniyya a Najeriya, ya shiga fadar Yamai tare da Sarkin Damagaram ya gana da Tchiani, alhali kwana biyu kafin nan babbar jami'ar diflomasiyyar Amurka Victoria Nuland ta zo ba a bari ta gan shi ba. Ranar 12 ga wata tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi na tsawon sa'o'i. Bisa bayanin da malaman suka bayar bayan sun dawo, janar ɗin ya nuna ɓacin ransa cewa an yanke musu wa'adi ba tare da an ji ta bakinsu ba, ya kuma nemi afuwa kan yadda aka karɓi tawagar Abdulsalami. Mako guda bayan haka, ranar 19 ga Agusta, Abdulsalami ya koma Yamai, ya ga Tchiani, ya ga Bazoum.

Wani zai ce ai wannan ya isa hujja cewa tsakanin Najeriya da Nijar ba a buƙatar jakadan gwamnati, tunda rawani da malanta sun buɗe ƙofar da takardar hukuma ta kasa buɗewa. Gaskiya ne sun buɗe ta, amma a duba abin da ya biyo baya. Kwana ɗaya bayan ganawa da malaman, sojojin suka sanar cewa za su tuhumi Bazoum da cin amanar ƙasa. A daren da Abdulsalami ya je, Tchiani ya fito talabijin ya yi maganar riƙon ƙwarya na tsawon shekara uku. Sarki ko malami zai iya sanyaya zuciya, ya sa a ji kunyar cin mutuncin baƙo, amma ba zai iya cewa idan an saki Bazoum ranar kaza za a mayar da wuta ranar kaza ba, ba shi kuma da ma'aikatan da za su kwana a garin suna bin maganar har ta zama rubutacciyar yarjejeniya. Ziyarar yini guda tana buƙatar wanda zai ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa kowace safiya, kuma wannan shi ne aikin jakada.

A daidai lokacin da ake buƙatar irin wannan mutum, ranar 2 ga Satumba, gwamnatin Najeriya ta sanar da kiran dukkan jakadunta gida, ƙwararrun ma'aikata da 'yan siyasa baki ɗaya. Ba rikicin Nijar ne ya jawo hakan ba. Al'ada ce ta sabuwar gwamnati ta share kujerun da ta gada domin ta raba su ga nata mutanen, musamman da yake kusan rabin jakadun da Buhari ya naɗa ba ma'aikatan diflomasiyya ba ne. Buhari shi ma haka ya yi: ya kai watan Nuwamban 2015 kafin ya rantsar da ministoci, akasarin jakadunsa kuma sai a 2017 suka kama aiki. Tsarin mulki ya ce naɗin jakada sai Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma sai an kula da raba daidai tsakanin sassan ƙasa, saboda haka kowane jerin sunaye yakan zama ciniki tsakanin fadar shugaba da gwamnoni da sanatoci. Daga baya Tuggar ya danganta jinkirin da ƙarancin kuɗi. Ko da an karɓi wannan uzuri ga ofisoshi fiye da ɗari da Najeriya ke da su a duniya, bai bayyana dalilin da ya sa ba a ware Yamai ba. Sakamakon ya fito fili a Disamban 2024, lokacin da Nijar ta zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa wajen yi mata zagon ƙasa: muƙaddashi ma'aikatar harkokin wajen Nijar ta samu ta kira, Tchiani ya yi zarginsa da Hausa a talabijin, Nuhu Ribadu, mai ba Tinubu shawara kan tsaro, ya musanta da Hausa a rediyo. Ƙasashe biyu masu iyaka ɗaya suka koma magana da juna ta kafafen yaɗa labarai.

Ba Najeriya kaɗai ta faɗa wannan rami ba, abin da ke nuna cewa cutar ta gama gari ce. Jakadiyar Amurka Kathleen FitzGibbon ta daɗe sunanta na maƙale a Majalisar Dattawan ƙasarta, ba a tabbatar da ita ba sai kashegarin juyin mulkin, ta kuma isa Yamai ranar 19 ga Agusta. Faransa kuwa ta mayar da jakadanta Sylvain Itté tutar nuna isa: an ba shi sa'o'i 48 ya fice ranar 25 ga Agusta, Emmanuel Macron ya ce ba zai motsa ba, aka bar shi a killace cikin ofishinsa wata guda, daga ƙarshe ya tafi ranar 27 ga Satumba, sojojin Faransa kimanin 1,500 suka bi bayansa kafin shekara ta ƙare. A babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Satumba, Nijar ba ta yi jawabi ba, domin Bakary Yaou Sangaré da sojoji suka naɗa minista da ɓangaren Bazoum kowa ya ce shi ne mai wakilci.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan matsayi ita ce: sojojin ba su da niyyar sauka tun farko, saboda haka ko da minista da jakada suna nan, sakamakon ɗaya ne. Abin da ya faru daga baya yana goyon bayan rabin wannan magana, domin an ci gaba da tsare Bazoum, riƙon ƙwarya kuma ya ƙara tsawo. Amma mayar da Bazoum ba shi kaɗai ne abin da ke kan faifai ba. Akwai zaman Nijar cikin ECOWAS, akwai haɗin gwiwar tsaro a kan iyakar da 'yan bindiga ke ƙetarawa yadda suka ga dama, akwai 'yan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato a jihar Maraɗi da na Barno a Diffa, akwai layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Mali da Gini da Burkina Faso duk an yi juyin mulki, an sa musu takunkumi, amma babu wadda ta fice daga ƙungiyar sai bayan an ambaci yaƙi. Ranar 16 ga Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, ranar 28 ga Janairun 2024 suka sanar da ficewa. Ranar 24 ga Fabrairu ECOWAS ta ɗage takunkumin, bayan Janar Yakubu Gowon ya roƙa, ba tare da an samu ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka gindaya ba. Diflomasiyya mai shiri ba lallai ta ceci Bazoum ba, amma da ta hana a furta barazanar da ba za a iya cikawa ba, wadda janye ta ya zubar da kwarjinin ƙungiyar.

Akwai kuma masu cewa bai dace a zargi siyasar cikin gida ba, tunda ita ce ta hana yaƙin. Wannan gaskiya ne, kuma abin yabo ne ga tsarin mulkin da ya ɗaure hannun shugaba. Sai dai siyasar da ta yi aiki a Majalisar Dattawa ranar 5 ga Agusta ta wakilci ce, ta mutanen da suka san mazaɓunsu na da surukai a Birnin Konni da Magarya. Wadda ta bar ma'aikatu ba ministoci, ofisoshin jakadanci ba jakadu, ta rabon ganima ce. Ta farko ta zo ne ta gyara ɓarnar da ta biyu ta bari aka yi, kuma ta zo bayan an riga an yi magana a bainar duniya. Da an tuntuɓi sanatoci da gwamnonin jihohin iyaka kafin 30 ga Yuli, ba bayansa ba, da abin da suka faɗa ya zama shawara a ɗaki maimakon kunyatarwa a fili.

Gyaran da aka fara daga baya ta hanyar hukuma aka yi shi. Babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin Janar Christopher Musa ya je Yamai a Agustan 2024, Tuggar ya je a Afrilun 2025 ya zauna da Sangaré, aka yi maganar farfaɗo da tsohuwar hukumar haɗin gwiwa ta 1971. Wannan kansa amsa ce ga masu ganin zumunci kaɗai ya wadatar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma darasin 2023 bai wuce haka ba. Doka ta ɗora wa shugaba wa'adin kwana 60 ya naɗa ministoci, amma ba ta ce komai a kan jakadu ba, wannan giɓi ne da majalisa za ta iya toshewa. Lokacin da aka kira jakadu gida a Satumban 2023 an ware wakilan Najeriya a New York da Geneva saboda babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na tafe. Ƙasar da ta san amfanin barin wakili a New York saboda taron mako biyu ya kamata ta fi sanin amfanin barin ƙwararren jakada a Yamai da Njamena da Yawunde da Kwatano, a cire waɗannan kujeru huɗu daga cikin kason 'yan siyasa, kada kuma a sauke mai riƙe da ɗaya daga cikinsu sai magajinsa ya iso.